Takardar Koke Kan Filin Ƙwallon Unguwarmu da Halin da Masu Wasan Motsa Jiki Suke Ciki

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon jama'a, mu da muka sa hannu a wannan takarda mu ne mutanen da kan haɗu bayan sallar La'asar a filin da ke bayan makarantar firamare ta unguwar nan domin taka leda. Mu ba kulob ba ne, ba mu da koci, ba mu da riguna iri ɗaya, kuma ba kofi muke nema ba. A cikinmu akwai tela da kafinta, akwai direban A Daidaita Sahu, akwai malamin Islamiyya, akwai waɗanda suke rufe shago a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari su garzayo domin su samu ko da rabin awa kafin Magariba, akwai kuma magidanta da likita ya umarta su riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako, yaro kuma awa guda a kullum, kuma ga talakan birnin Kano wanda ba shi da kuɗin shiga gidan motsa jiki, wannan fili shi ne kaɗai inda zai samu hakan kyauta. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne filin yana neman ya gagari irinmu, wasu saboda tsoron rauni, wasu saboda gudun wulaƙanci.

Za mu fara da ƙasar filin, domin ita ce ido yake fara gani. Gefen gabas ya zama bola, kuma duk lokacin da aka yi ruwa sai kwata ta kwaso fasassun kwalabe, gwangwanaye, ƙusoshi da guntayen langa-langa ta baza su har tsakiyar fili. Akwai ramuka inda masu gini suka ɗebi ƙasa da daddare, waɗanda ciyawa take rufewa da damina, mutum yana cikin gudu sai dai ya ji ƙafarsa ta zurma. Yawancin yaran da ke wasa a nan ba su da takalmin ƙwallo, wasu da kambas, wasu ƙafa a ƙasa. Kafin ƙaramar Sallar da ta wuce, wani matashi tela da muke wasa tare ya taka ƙusa mai tsatsa, ta shige masa tafin ƙafa. Muna tsaye a kansa aka zare ta, wani ya zuƙo fetur daga babur ya tsiyaya a ciwon, wani ya yage hannun rigarsa ya ɗaure, muka ɗauka an gama. Bayan kwana uku ƙafar ta kumbura har ba ya iya taka keken ɗinki, aka kai shi asibiti aka wanke ciwon aka yi masa allurar tetanos, kuma ma'aikaciyar jinya ta yi mana faɗa sosai, ta ce ƙwayar wannan cuta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma irin wannan huda mai zurfi ita ce ƙofar da ta fi so. Yaron nan ya rasa ɗinkin Sallah gaba ɗaya, wanda shi ne kakar kowane tela, ya mayar wa mutane yadinsu yana ba da haƙuri. Tun daga ranar bai sake zuwa fili ba.

Turakun ragar kuma bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda aka ajiye ba tare da an kafe su da siminti ba, ga ƙananan yara suna lilo a jikinsu kafin manya su iso. Idan ƙarfe mai wannan nauyi ya rikito a kan yaro ɗan shekara bakwai, ba ma fatan ganin abin da zai biyo baya. Haka nan masu babura sun mayar da filin hanyar yanke, masu koyon mota su ma sukan shigo ana tsakiyar wasa.

Amma, Allah ya taimake ka, abin da ya fi korar mutane daga filin nan halin da ake nunawa a cikinsa ne, kuma a kansa muke so mu ɗan tsawaita. Asalin wasanmu mai sauƙi ne: a raba mutane gida-gida, a ajiye duwatsu ko takalma a matsayin raga idan mutane sun yi kaɗan, gidan da aka ci ya fita, na jira ya shigo. A 'yan shekarun nan sai ƙungiyoyin matasa masu atisaye suka riƙa mamaye filin tun daga La'asar har duhu, wanda kuma ba ya cikinsu sai dai ya tsaya kallo ko ya koma gida. Idan an yi sa'a an sa shi, sai a yi masa wasa irin na gasar cin kofi, a kwashe masa ƙafa ta baya, a sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari, idan ya yi magana a ce masa ƙwallo ba wasan mata ba ne. Magidanci mai shekara hamsin da ya zo rage ƙiba, wanda gobe da asuba zai fita nemo abin da iyali za su ci, ba zai iya jure keta irin wannan ba, domin karaya ɗaya tana nufin wata biyu a kwance wajen mai ɗori, ga kuɗin magani, ga gida babu cefane. Sabon zuwa da bai iya ba sai a yi masa ihu idan ya ɓarar da ƙwallo, a laƙaba masa suna, har yara su riƙa binsa da shi a layi. Mun san mutane masu mutunci da suka daina zuwa saboda wani yaro sa'an ɗansu ya ɗura musu ashar a bainar jama'a. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sa kuɗi a kan wasa, domin da zarar an ce gidan da ya ci zai kwashe abin da aka tara, to rangwame ya ƙare, kowace gardamar bugun fanareti sai ta zama dambe, wani lokaci har a kirawo 'yan daba daga wata unguwa. A irin wannan hargitsi ne ake sace wayoyin da muke tarawa cikin jaka a bayan raga.

Ba mu zo domin a kori waɗannan matasa ba, ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma muna alfahari da burinsu. Duk Bakano ya san cewa Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014, kuma a rigarta ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda kafin ya tafi Turai ya zama kyaftin ɗin Super Eagles. Yaron da ke mafarkin taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana da haƙƙin samun wurin atisaye. Abin da muke roƙo shi ne ka sa a zauna a gaban Mai Unguwa a raba lokaci, ƙungiyoyi su ɗauki safiya da wasu ranaku na mako, a bar wa masu wasan motsa jiki nasu yammacin, a kuma ware wani ɓangare ga yara ƙanana domin kada a riƙa cakuɗa ɗan shekara goma da ƙato mai shekara ashirin da biyar. A lokacinmu muna so a amince da ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya haddacewa: babu kwasar ƙafa ta zamiya, babu caca, babu ashar, wanda ya riga zuwa shi ne gaba a layi ko ya iya ko bai iya ba, kuma wanda ya yi keta da gangan ya fita ya huta har sai wasan ya ƙare. Mun sha gwada kafa waɗannan ƙa'idoji da bakinmu, sai a ce mana wa ya naɗa mu. Idan maganar ta fito daga fada, aka karanta ta a masallatan unguwa, aka rubuta a allo a bakin fili, babu wanda zai sake yin wannan tambaya.

Akwai kuma batun da ya fi duk waɗannan nauyi, wato ran ɗan Adam. Dattawan cikinmu suna tuna ranar 12 ga Agusta 1989, lokacin da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana wasa da Angola, ya rasu yana ɗan shekara 25. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa a watan Yunin 2003. Waɗannan ƙwararru ne masu ƙarfin jiki, ina ga mu da yawancinmu ba mu taɓa auna jininmu ba? Sai dai a ranar 12 ga Yuni 2021 duniya ta ga yadda zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a fili, aka yi ta danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, da ikon Allah ya tashi, har ya koma buga ƙwallo a shekarar da ta biyo. Rai a hannun Allah yake, amma an umarce mu da riƙo da sababi. A filinmu idan mutum ya faɗi, abin da aka sani shi ne a yi masa rumfa da jiki har iska ta daina isa gare shi, a kwara masa ruwa, wani ya nemo albasa, wani ya ɗaga shi zaune yana jijjigawa. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da aka koya wa cewa wanda ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, ana kwantar da shi ne a rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, yayin da wani yake kiran lambar gaggawa ta 112 ko neman abin hawa. Wannan ilimi ne da ake koya a yini ɗaya. Muna roƙon ka yi mana hanya wajen ƙungiyar Red Cross ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani a filin Idi, su zo su horar da wasu daga cikinmu a kan wannan, da kuma yadda ake tsayar da jini, da yadda ake tallafe karaya ba tare da an ja ƙafar ba, da dalilin da ya sa wanda ya bugu a ka har ya ga jiri bai kamata ya koma wasa a ranar ba ko da ya rantse ya warware. Muna kuma fatan ƙaramar hukuma za ta taimaka da akwatin agajin gaggawa da za a ajiye a gidan Mai Unguwa, mu kuma mu ɗauki nauyin sake cika shi.

Yanayin garinmu ma yana buƙatar tsari. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 ko ya wuce, don haka muna so a hana fara wasa da tsakar rana a waɗannan watanni, a kuma ba mu izinin ajiye randa ko tankin ruwa a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar da ke gefen fili. Da damina, idan aka fara walƙiya da tsawa, a tashi wasa nan take, domin buɗaɗɗen fili mai turakun ƙarfe ba wurin tsayawa ba ne. Da azumi kuma, da za a samu fitilu biyu ko uku masu aiki da hasken rana, da an mayar da wasan bayan sallar Asham maimakon yara su riƙa gudu da ƙishirwa kafin shan ruwa, kuma hasken zai rage masu fakewa a wurin da daddare suna shaye-shaye.

Gaskiya ce mu ma muna da namu laifin, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Maƙwabtan fili sun sha kokawa cewa ƙwallo tana faɗa musu cikin gida, yara su haura katanga ba sallama alhali akwai matan aure a ciki, an taɓa fasa wa wata baiwar Allah tukunyar abincin sayarwa, kuma akwai ranakun da ake kiran sallar Magariba wasa bai tsaya ba. Mun ɗauki alkawarin cewa wasa zai riƙa tashi kafin ladan ya kira salla, ƙwallon da ta faɗa gida yaro ƙarami ne zai yi sallama ya karɓo, abin da aka fasa kuma za mu biya daga asusun da muke tarawa. Mun kuma shirya fitowa aikin gayya da shebur da manjagara da baro mu tsince filin, mu riƙa maimaitawa duk Asabar ɗin farkon wata. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne kwashe bolar, da tifofin ƙasa na cike ramuka, da simintin kafe turaku, da kafa shinge ko duwatsu a mashigar babura, da sa 'yan sintirin unguwa su riƙa leƙowa da yamma. A nan ne muke roƙon ka isar da kukanmu ga Shugaban Ƙaramar Hukuma. Muna kuma roƙon ka sa ido kada wata rana a wayi gari an yanka gefen filin an yi shaguna, kamar yadda muka ga ya faru da filaye da dama a cikin birni.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka sa mana rana, ko ka turo wakili tare da Dagaci da Mai Unguwa, a zo filin da La'asar a ga ramukan da turakun da ido, a kirawo shugabannin ƙungiyoyin matasa da maƙwabta da mu, kowa ya faɗi nasa a gabanka, sannan ka yanke abin da ka ga ya dace, mu kuwa za mu bi.

Allah ya ƙara maka nasara, ya zaunar da ƙasarka lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Masu wasan ƙwallon yamma na unguwa, tare da iyayen yara da wasu daga cikin maƙwabtan fili.