Godiya ga Garejin da Ke Gyara Mana Ƙofofin Kwantena da Tirela

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Injiniya, ina gaishe ka, tare da makanikai da masu walda da yaran da ke koyon aiki a hannunka. Ni ne mai kula da lodi da sauke kaya a kamfanin sufurin da kuke duba wa tireloli da kwantenoni. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin aikinku irin wanda ba a lura da shi ne. Idan ƙofa ta buɗe lafiya ta rufe lafiya, babu mai tambayar wanda ya gyara ta. Direba ya ja motarsa, mai kaya ya karɓi kayansa, kowa ya kama gabansa. Mu da muke tsayawa a bayan mota kullum, hannunmu a kan mariƙin ƙofa, mun san bambancin aikinku da na wasu, kuma yabon gwani ya zama dole.

Abin da ya fara jawo hankalina gare ku shi ne ba ku gaggawar ɗaukar guduma. A wurare da yawa, da zarar ƙofar kwantena ta ƙi rufuwa sai a zura bututun ƙarfe a mariƙi, mutum biyu su danna, wani kuma ya bi ta da duka. Ƙofar za ta rufu, amma an lanƙwasa sanda, an ci bakin ƙugiya, gobe kuma sai ta fi haka gardama. Ku kuwa ƙasa kuke fara dubawa. Kun nuna wa yaranmu cewa kwantena a kan kusurwoyi huɗu take tsayawa, kuma idan ɗaya ta nutse ko ta hau tudu, gangar jikin gaba ɗaya takan ɗan murɗe, bakin ƙofa ya karkace, ƙugiyoyi su kasa samun gurbinsu. A ɗaga kusurwar da jak, a sa mata matashi, sai ƙofa ta koma daidai ba tare da an taɓa ta ba. Sau da yawa an kira ku gyara kun zo kun yi wannan kaɗai, kuka ce babu abin da ya lalace, alhali da kun ce a canja sanda da babu mai musa muku.

A bakinku na fara jin bayanin da ya sa na daina yi wa ƙofar kwantena kallon murfi kawai. Ɓangarori uku na kwantena bango ne na ƙarfe mai tudu da kwari, wanda aka yi wa walda ya haɗe da ginshiƙai. Baya kuwa a buɗe yake, faɗinsa kusan mita 2.34, tsayinsa kusan mita 2.28, a kwantena mai ƙarin tsayi zuwa sama kuma tsayin ya kai kusan mita 2.58. An bar shi da wannan girman ne domin motar ɗaga kaya ta shiga ta fita. To me zai riƙe wannan babban baki kada ya karkace idan an jibga kwantenoni a kan juna a jirgin ruwa, teku na kaɗa su dama da hagu? Ƙofofin nan biyu ne idan an kulle su. Yawanci kowace ƙofa tana da dogayen sandunan sakata biyu, kowace sanda da ƙugiya a sama da ƙugiya a ƙasa. Idan aka juya mariƙi, ƙugiyar ta shiga gurbinta ta jawo ƙofar ciki, ta matse roba, ta kuma ɗaure ƙofar da gangar jiki, wato wuri takwas ke nan a ƙofofin biyu. Ƙa'idar ISO 1496, ta hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ta tanadi a gwada kwantena da turi ta gefe mai ƙarfin da ya kai kimanin tan 15, sannan bangon gaba da ƙofofin baya su iya jure kashi 40 cikin 100 na nauyin kayan da aka yarda ta ɗauka. A kwantena mai ƙafa 20 da ke ɗaukar wajen tan 28, wannan ya haura tan 11. Shi ya sa ranar da wani daga cikinmu ya ce a yanke sandar da ta lanƙwashe a bar uku su wadatar, kuka ƙi. Kuka ce akwai kwantenonin da aka ƙera da sanda uku tun daga masana'anta, an kuma gwada su a haka, amma wadda aka haifa da huɗu ba a mayar da ita mai uku da wutar walda. Motar ta kwana a wurinku, mun ɗan ji haushin jinkirin, kuma ku ne kuke da gaskiya.

Haka kuma batun hatimi, wato ɗan makullin shaida mai lamba da ake ɗaura wa ƙofa bayan an yi lodi. Ƙofar dama ake fara buɗewa, domin leɓenta ya hau kan na hagu ya danne shi, saboda haka a mariƙin ƙofar dama ake sa hatimi. Muddin dama na kulle, hagu ba ta da hanya. Amma hatimi, ko da irin na ƙarfe ne mai ƙarfi da ƙa'idar ISO 17712 ta amince da shi, amfaninsa ya dogara ga ƙarafan da aka zura shi a ciki. Ɓarayin kaya sun daɗe da gane haka: sukan cire ƙusar da ke riƙe mariƙi, su juya sanda, su kwashi abin da za su kwasa, su mayar da wata ƙusa, hatimi na nan lafiya lau da lambarsa. Dalili ke nan dokokin kwastam na ƙasa da ƙasa, irin yarjejeniyar TIR ta 1975, suka ce a haɗa waɗannan ƙarafa ta yadda ba za a iya cire su daga waje ba tare da an bar alama ba. Na ga garejin da ke ɗaura noti a waje don sauƙin aiki, wanda duk mai sifana zai kwance cikin minti biyu. Ku kuna mayar da irin ƙusar da kuka tarar, kuna kashe bakin noti da walda daga ciki, kuma duk lokacin da kuka ga ƙusar mariƙi ta bambanta da 'yan'uwanta a launi ko a girma sai kun kira ni na gani da idona. Wannan kiran ya sha kare direbobinmu daga zargin da ba su ji ba ba su gani ba.

Robar da ta zagaye ƙofa ma ba ku raina ta. Gwajinku mai sauƙi ne: mutum ya shiga ciki, a rufe shi, wani na tsaye a waje, ya duba inda haske ke shigowa. Inda haske ya samu hanya, ruwan sama da feshin teku za su samu. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne lokacin da muka kawo muku kwantena da ƙorafin kaya sun jiƙe, muna cewa a canja roba gaba ɗaya. Kuka gwada, kuka ce robar ƙalau take. Ruwan daga rufi ya ɗigo, domin danshin da ke cikin kaya da katakon da aka jera su a kai yakan tashi da zafin rana, dare ya yi ƙarfe ya yi sanyi, ya taru a rufi ya zubo. Kuka ba mu shawarar sa maganin tsotse danshi da kuma lura kada kaya su toshe 'yan kafofin iska na gefe. Da an canja roba da mun yi asara sau biyu, kaya kuma su sake jiƙewa.

Ba zan tsallake allon nan na ƙofar hagu ba, wanda yarjejeniyar kiyaye lafiyar kwantena ta 1972 ta wajabta. A jikinsa ake ganin ranar ƙira da iyakar nauyi da nauyin da za a iya ɗora mata, kuma a tsarin duba na lokaci-lokaci ana fara duba ta kafin ta cika shekara 5, daga nan kada a wuce wata 30. A ƙofar dama kuma akwai lambar shaida: haruffa huɗu, lambobi shida, da lamba ɗaya ta tantancewa. Masu fentinku suna rufe waɗannan kafin su fesa. Ƙaramin abu ne, amma kwantenar da fenti ya cinye lambarta tana iya kwana a bakin tasha.

Sai shawarar da kuka ba kamfaninmu da za a ƙaro tireloli. An rabu biyu a ofis, wasu na son ƙofa mai naɗewa sama, wasu na son mai ganye biyu irin ta kwantena. Ba ku ce wannan ta fi waccan ba, sai kuka tambayi irin aikin da kowace mota za ta yi. Mai naɗewa tana da daɗi ga motar da ke tsayawa wuri goma a rana a cikin gari: ba ta buƙatar fili a baya ko a gefe, ana iya manna mota da dandamalin lodi sannan a ɗaga ta, iska kuma ba ta fizgar ta. Sai dai tana cin wani abu daga tsayin baki da faɗinsa, domin hanyar da 'yan tayoyinta ke bi da sifirin da ke taimaka wa ɗagawa duk a ciki suke zama. Tana da gaɓoɓi da yawa masu motsi, kowace gaɓa kuma wurin lalacewa ce da shigar ƙura. Idan kaya suka jingina da ita daga ciki, ba ta ɗaguwa. Mai ganye biyu tana ba da cikakken baki, ta fi matse roba, shi ya sa motocin sanyi masu dogon zango suka fi amfani da ita, kuma gyaranta kaɗan ne. Wahalarta ita ce sai direba ya sauko ya buɗe ta, ya naɗe ganyayen har jikin mota ya maƙale su, kafin ya yi baya zuwa dandamali. A ƙarshe aka sayi masu naɗewa don rabon kaya a gari, masu ganye don doguwar hanya. Na lura cewa da an sayi masu naɗewa duka, ku ne za ku fi samun aiki. Ban manta da gargaɗinku ba cewa kada wani yaron mota ya kuskura ya taɓa sifirin ɗin nan da kansa, domin a ɗaure yake da ƙarfin da zai iya karya hannu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kuka koya wa 'yan dakonmu game da buɗe ƙofa. Kaya sukan motsa a hanya. Birki ɗaya mai ƙarfi, ko hawan tudu, ko kaɗawar jirgi, sai buhuna ko kwalaye ko ganguna su taho su kwanta a jikin ƙofa, daga waje kuma babu alamar komai. Mutum ya saki mariƙi na ƙarshe, ƙofa ta bugo shi da nauyin duk abin da ke bayanta. Kun ba mu bel mai ƙarfi, kuka nuna yadda ake zagaya shi a sandunan tsakiya biyu kafin a saki mariƙi, ta yadda ko kaya sun jingina ƙofar ba za ta wuce ɗan taƙi ba, a leƙa a gani, a san dabarar da za a yi. Kun ce a kula da mariƙin da ya yi tauri fiye da kima ko ƙofar da ta kumburo, a kuma tsaya ta gefen da ƙofa ba za ta share mutum ba. Kun gyara duk 'yan maƙalan gefe da ke riƙe ganye idan an buɗe shi, waɗanda galibi ba a damuwa da su har sai iska ta kwaɗa wa wani ƙofa a ƙeya. Kun kuma ja kunnensu kada su faɗa ciki da zarar an buɗe, musamman idan akwai takardar gargaɗin feshin maganin ƙwari a jikin ƙofa, domin iskar irin su fosfin na iya kashe mutum, a bari ta sha iska, a auna, sannan a shiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin takardar kwangilarku. Waɗannan mutane magidanta ne, kowanne da masu jiran dawowarsa, kuma ni ke da alhakinsu a wurin aiki. Tun da aka fara sa bel ɗin an samu kwantenonin da kaya suka danno ƙofa, bel ya riƙe, aka sauke su a tsanake.

Tun 1956, lokacin da jirgin Ideal X na Malcom McLean ya ɗauki kwantenoni 58 daga Newark zuwa Houston a Amurka, injiniyoyi suke ta tace wannan akwati, har hukumar ISO ta daidaita girmansa a ƙarshen shekarun 1960. Sun yi nasu, kuma sun kyauta. Amma ƙofa tana barin masana'anta ne sau ɗaya, sannan ta shekara goma ko fiye tana shan gishirin teku da ƙura da duka. Ko za ta ci gaba da aiki yadda aka tsara ta, wannan yana hannun wanda ke sa giris a majuyinta, yana canja bushin ɗin sanda idan ya cinye, yana kankare tsatsa a ƙasan ganye inda ruwa ke kwanciya kafin ta huda. A ganina a nan ne aka fi yin sakaci a harkar sufuri, a kashe kuɗi a inji da taya a manta da ƙofa, kuma a nan ne kuka yi fice.

Ina da roƙo ɗaya, Injiniya. Mun ɗauki sababbin 'yan dako da yaran mota, kuma ba su samu wancan darasi na buɗe ƙofa ba. Idan an kawo tirelolin da ke jiran duba, a taimaka a ware musu ɗan lokaci kamar yadda aka yi wa na farko. Zan tara su duk ranar da ta yi muku.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da wuta, ya albarkaci sana'a da iyali.

Wassalam.

Naku,
Mai kula da sashen lodi da sauke kaya, a madadin direbobi da 'yan dako.