Faɗaɗa rumbunan gas na ƙarƙashin ƙasa: a fara tambayar tsofaffin rijiyoyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in yi bayani kan wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba sai ranar da ya ɓaci, wato adana iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake auna illarsa ga muhalli, a kuma ji ta bakin jama'a, idan kamfani ya nemi faɗaɗa rumbunsa. Yawancin misalan daga Amurka zan kawo su, domin can akwai irin waɗannan rumbuna kusan 400, kuma can aka fi bin diddigin abin da ya jawo kowane haɗari.

A ƙasashen sanyi buƙatar gas tana ninkuwa da hunturu, alhali rijiyoyin haƙa ba sa iya ƙara ƙwazo dare ɗaya. Saboda haka ana cusa gas a ƙasa daga Afrilu zuwa Oktoba, a janye shi daga Nuwamba zuwa Maris. Mafi yawan rumbunan tsofaffin filayen mai da gas ne da aka gama tatsa, inda gas ke shiga ƙananan kofofin dutse kamar yadda ruwa ke shiga soso, wani dutse mai tauri kuma ya yi masa murfi daga sama. Akwai masu amfani da shimfiɗar dutse mai ɗauke da ruwa, akwai kuma kogon da ake narkarwa a cikin dutsen gishiri. Kowane rumbu yana da gas ɗin da ba a taɓawa, wanda ke riƙe matsi a gindi: kusan rabi a tsohon fili, har kashi 80 cikin ɗari a dutse mai ruwa, kashi 20 zuwa 30 a kogon gishiri.

Idan aka ce faɗaɗawa, mutane kan zaci sabon gini. Wani lokaci haka ne, a haƙa sababbin rijiyoyi, ko a narkar da sabon kogo, ko a ƙara injinan kwamfiresa masu matse gas. Amma sau da yawa abin da ake nema shi ne izinin ɗaga iyakar matsin da ake cusa gas da shi, ko a matsar da iyakar filin zuwa ƙarƙashin gonakin da a da ba sa ciki. Wannan ba ya barin wata alama a doron ƙasa. Ba a sare itace ko ɗaya ba, ba a yi hanya ba, don haka takardar tantancewa takan fito siririya, alhali nauyin da aka ɗora wa kowace tsohuwar rijiya a filin ya ƙaru. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin.

A Amurka, rumbun da ke hulɗa da bututun da ke ƙetare jihohi yana ƙarƙashin FERC, hukumar tarayya mai kula da harkar makamashi, wadda ke ba da takardar izini bisa dokar gas ta 1938. Wanda bai fita daga jiha ɗaya ba, hukumar jihar ce ke kula da shi. Dokar muhalli ta NEPA, wadda ta fara aiki a 1970, ita ta wajabta tantancewa. Kamfani yana shigar da buƙatarsa haɗe da jerin rahotanni masu lamba: na 2 kan ruwa, na 6 kan yanayin duwatsun ƙasa, na 9 kan iska da ƙara, na 10 kan wasu hanyoyin da za a iya bi maimakon wannan, na 11 kan tsaron lafiya. Dole a aika wa masu filaye takarda, har da waɗanda gonarsu ta faɗa cikin sabuwar iyakar da zoben kariyar da ke kewaye da ita, da waɗanda ke cikin rabin mil daga tashar kwamfiresa. Sai hukumar ta buɗe ƙofar farko, wadda a cikinta ake tambayar jama'a me suke so a bincika, yawanci na kwana 30. Daga nan a rubuta ko dai ƙaramin rahoto, wanda akan ba kwana 30 na sharhi, ko cikakken rahoto, wanda daftarinsa kan samu kwana 45. Gyaran doka na 2023 ya taƙaita ƙaramin ga shafi 75 da shekara ɗaya, babban kuma ga shafi 150 da shekara biyu, ban da rataye.

Tun ran gini tun ran zane: ƙofar farkon nan ita ce mai daraja, ita kuma aka fi sakaci da ita. Abin da ba a nemi a bincika ba a wannan lokaci, da wuya a koma kansa bayan an rubuta daftari. Akwai kuma wani tarko na shari'a. Rubuta sharhi daban, shiga cikin batun a gaban hukumar a matsayin ɓangare daban. Wanda bai shigar da takardar neman zama ɓangare ba cikin wa'adin da sanarwa ta yanka, wanda yawanci kwana 21 ne, ba shi da hurumin neman a sake duba hukunci cikin kwana 30, balle ya kai ƙara kotun ɗaukaka ƙara. Ya kamata mai gona ya san kuma cewa takardar izinin tana ba kamfani ikon karɓar haƙƙin ƙarƙashin ƙasarsa ta hannun kotu a biya shi diyya, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Abin da ya faru a Aliso Canyon, arewacin Los Angeles a jihar Kalifoniya, shi ne ya fi nuna inda idon masu tantancewa ya kamata ya tsaya. Rijiya mai lamba SS-25 an haƙa ta ne a 1953 domin mai, aka mayar da ita ta ajiyar gas a farkon shekarun 1970. A ranar 23 ga Oktoba 2015 aka gano tana zubar da gas, ba a shawo kanta ba sai 11 ga Fabrairu 2016. Kusan tan dubu 100 na iskar metan suka fita, gidaje sama da 8,000 na unguwar Porter Ranch suka tashi na ɗan lokaci, aka kwashe makarantu biyu. Sau bakwai aka gwada danne ta da ruwa mai nauyi daga sama abin ya ci tura, sai da aka haƙa wata rijiyar ceto ta riske ta daga gindi. Binciken da aka fitar a 2019 ya gano cewa bututun bango, wato bututun ƙarfen da ke zama bangon rijiyar, mai faɗin inci 7 ne ya tsage a zurfin ƙafa 892, saboda tsatsar da ta ci shi daga waje inda ruwan ƙasa ke taɓa ƙarfen, da taimakon ƙananan halittu. Abu biyu suka mayar da tsaga ta zama bala'i. A wancan zamanin ana tura gas ta cikin siririn bututun ciki da kuma ta ratar da ke tsakaninsa da bututun bango a lokaci guda, don a samu gudu, wato katanga ɗaya ce tal tsakanin gas da ƙasa. Sannan bawul ɗin tsaro na can ƙasa an cire shi tun 1979 ba a mayar ba. Binciken ya kuma ce an samu yoyon bututun bango sama da 60 a filin tun shekarun 1970 ba tare da an bi musabbabinsu ba. A 2021 kamfanin SoCalGas, mai rumbun, ya amince da biyan kusan dala biliyan 1.8. Duk da haka, a Agustan 2023 hukumar jihar ta ɗaga abin da aka yarda a ajiye a wurin daga kubik ƙafa biliyan 41 zuwa biliyan 68.6, bisa hujjar hana farashi tashi da hunturu, mazauna unguwar kuwa suna ta nuna rashin amincewa.

Ba rijiyoyin kamfani kaɗai ne abin tsoro ba. A Janairun 2001, gas ya tsere daga kogon gishiri na Yaggy a jihar Kansas ta wata huda a bututun bango, ya bi wata shimfiɗar dutse ya yi tafiyar kimanin kilomita 11, ya ɓullo cikin garin Hutchinson ta tsofaffin rijiyoyin gishiri da aka daɗe da mantawa da su. Shaguna biyu suka ƙone a tsakiyar gari, washegari mutum biyu suka ƙone a gidansu, suka rasu sakamakon haka. Gas ba ya bin iyakar da aka zana a taswira.

To, me ya kamata mai sharhi ya nema? Da farko a buƙaci cikakken jerin duk rijiyar da ta huda dutsen murfi a cikin iyaka da zoben kariya, mai aiki da wadda aka toshe, da shekarar haƙa kowace da yadda aka toshe ta. Tsofaffin takardu ba sa cika, don haka a nemi a yi binciken maganaɗisu daga sama, wanda ke gano ƙarfen da ya nutse a ƙasa. Ga kowace rijiya mai aiki a tambayi ranar ƙarshe da aka saukar da na'urar auna kaurin bututun bango, da na'urar da ke nuna ko siminti ya kama bayan bututun, da sakamakon gwajin matsi. A tambaya kai tsaye ko gas zai bi ta bututun ciki kaɗai, da toshiya a gindinsa, a riƙa auna matsin ratar kullum; haka ne ake samun katanga biyu. Bayan Aliso Canyon, hukumar tsaron bututu ta tarayya, PHMSA, ta shigar da ƙa'idojin Cibiyar Man Fetur ta Amurka (API) masu lamba 1170 da 1171 cikin dokar tarayya a ƙarshen 2016, don haka mai tambaya yana da madogara.

Batun matsi yana buƙatar lamba. Mene ne matsin da aka tarar a filin ranar da aka gano shi, mene ne kuma wanda ake nema yanzu? Idan na biyun ya haura na farkon, to ana ɗora wa dutsen murfi abin da bai taɓa ɗauka ba, kuma wajibi ne a nuna gwajin da aka yi wa samfurin dutsen da tazarar da aka bari kafin matsin da zai tsaga shi. A Sifaniya, aikin Castor da ke cikin teku daura da Vinaròs ya fara cusa gas a wani tsohon filin mai a 2013, sai ɗaruruwan girgizar ƙasa suka biyo baya, mafi ƙarfinsu ta haura maki 4. Aka dakatar da aikin, aka kuma yanka diyyar Yuro biliyan 1.35 ga kamfanin. Taswirar tsagogin ƙasa da na'urorin jin motsi kafin a fara cusawa ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba.

Kogon gishiri yana da nasa lissafin, kuma na ruwa ne. Kafin a narkar da kogo mai girman ganga ɗaya ana buƙatar ruwan daɗi ganga 7 zuwa 8, abin da ke fitowa kuma ruwan gishiri ne da ya ninka na teku zartsi sau bakwai ko fiye. Daga ina za a ɗebo, ina za a zubar? A Nova Scotia ta Kanada, aikin Alton ya shirya zuba shi a kogin Shubenacadie. Al'ummar Sipekne'katik ta 'yan asalin wurin ta kai ƙara, a 2020 kotu ta ce ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba, a 2021 kamfanin ya haƙura da aikin. Gishiri kuma yana rarrafe a hankali idan matsin ciki ya yi ƙasa sosai: kogon Eminence a jihar Misisipi ya yi asarar kusan kashi 40 cikin ɗari na girmansa a farkon shekarun 1970. Saboda haka a tambayi mafi ƙarancin matsi kamar yadda ake tambayar mafi yawa, da kaurin gishirin da aka bari tsakanin kogo da kogo, da sau nawa za a auna siffar kogon da na'urar amsa-kuwwa.

Sharhin da ke cewa kawai "ba mu yarda ba" ana ƙidaya shi a wuce. Wanda ya ambaci lambar shafi, ya ce ga rijiyar da ba a lissafa ba, ga rijiyar shan ruwa a nisa kaza, shi ne ke tilasta amsa a rubuce. Mazauna wuri su nemi a gwada ruwan rijiyoyinsu kafin a fara aiki, a ba su kwafin sakamakon, domin in ba haka ba babu yadda za su tabbatar gobe cewa gas ɗin da ke cikin ruwansu baƙo ne. Su nemi a auna ƙarar dare a gidan da ya fi kusa, tunda iyakar FERC ga tashar kwamfiresa desibel 55 ce, a ma'aunin ƙara, a matsakaicin dare da rana. Su nemi lambar da za a kira da tsakar dare, da tsarin kwashe mutane.

Wannan bai yi mana nisa ba. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ba NMDPRA, hukumar da ke kula da sufuri, ajiya da rarraba mai da gas, ikon ba da lasisin ajiyar gas mai yawa. Dokarmu ta tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto ga jama'a, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma takan ba da kwanakin aiki 21. Rahoto mai ɗaruruwan shafuka da Turanci, ajiye a ofis, ba zai isa ga manomin da abin ya shafa cikin wannan wa'adi ba. Ina kira ga jaridarka da ta riƙa buga irin waɗannan sanarwoyi da Hausa a ranar da suka fito, da wurin da aka ajiye rahoton da ranar rufe karɓar sharhi, a kuma matsa wa ma'aikatar ta wajabta wa kamfanoni fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa, a karanta shi a rediyo da fadar hakimi kafin a fara ƙidaya kwanakin.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu, ma'aikaci a fannin rijiyoyin mai da gas