Sabulun otal halal ne, tawul kuwa a bar mana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekarata 6 ina gyaran ɗakuna a wani otal a Kaduna, don haka a bar ni in sa baki a gardamar ko ya dace baƙo ya kwashe sabulun otal ya tafi da shi.

Ɗan sabulun nan da man wanke gashi da buroshi duk suna cikin kuɗin ɗaki. Wanda aka ɓare ma kwandon shara muke jefa shi. Alhaji, jefa a jaka ka kai wa yara tsaraba, ba wanda zai harare ka.

Amma tawul fa? Watan jiya wani baƙo, da babbar rigarsa da ƙamshinsa, ya naɗe tawul biyu ya yi gaba. Ni aka zaftare wa kuɗinsu a albashi, ga kuɗin makarantar ɗiyata yana jira.

Taku,
Wata ma'aikaciya, Tudun Wada, Kaduna