Wasiƙa zuwa ga Malam Sani kan na'urar nuna hanya ta babur

Tudun Wada, Zariya.

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Yola, na samu saƙonka inda kake cewa na'urar nuna hanyar da ka ɗaura wa babur ta ishe ka, har kana shirin cire ta. Ina roƙonka ka dakata, domin tawa ma ta wahalar da ni haka, kuma ashe laifin ba nata ba ne.

Duk lokacin da na faɗa rami a hanyar Giwa sai ta mutu, in na hau kwalta mai kyau kuma ta farfaɗo. Na kai ta wurin wani mai gyaran waya, ya buɗe cikinta, ya karɓi kuɗina, bai gano komai ba. Wani dattijo mai wayarin babur ne ya ɗaga kujera, ya nuna mini wayar da ke kai mata wuta, wadda girgiza ta sassauta har bakinta ya yi kore. Batirin babur bolt 12 yake bayarwa, alhali irin tamu bolt 5 take ci, shi ya sa akwai ɗan akwati a tsakani mai rage wutar, da kuma fiyus. Waɗannan za ka fara dubawa. Ka sa a haɗa wayar ta bayan makulli, domin in an ɗaura ta kai tsaye a batir tana iya tsotse shi babur yana ajiye.

Batun daɗewa tana laluben inda kake kuwa, sau da yawa haƙuri ne maganinsa. Taurarin ɗan'adam na GPS, wato tsarin da na'urar ke dogara da shi wajen gano wuri, suna nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta tantance wurinka sosai. In ta yi makonni a kashe, cikakken bayanin taurarin yakan ɗauki minti 12 da rabi kafin ya sauko, don haka ka tsaya a fili, kada ka kunna ta ƙarƙashin rumfar kwano.

Ƙurar hunturu takan toshe 'yan ƙarafan da ke tsakaninta da mariƙinta. Ƙyalle mai laushi ya isa, ban da fetur. In na'urar ta tsaya cak ta ƙi aiki, ka danne maɓallin kunnawa har ta tashi.

Taswira ce kaɗai ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Ko da na sabunta tawa ta kwamfuta, ta taɓa kai ni wani lungu a cikin birni bayan Ƙofar Doka wanda ya ƙare a bakin zauren mutane, sai yara ne suka nuna mini mafita suna dariya.

Ka sanar da ni abin da ka tarar ƙarƙashin kujerar. A gaida uwargida da yara.

Naka,
Bala