Tambaya ga Malam: shin tuba tana sauya abin da Allah ya hukunta?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu taya ka gabatar da wannan shiri, ina neman shawararka a kan wata mas'ala da masu son tuba suke yawan kawowa. Amsarta tana nan a littattafai, amma faɗinta ga mai tambaya ba tare da an karya masa gwiwa ba, nan ne wahalar take.

Tambayar tana zuwa ta fuska biyu. Wani zai ce tunda an rubuta ƙaddarorin halitta shekara 50,000 kafin a halicci sammai da ƙasa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, to tubarsa me za ta ƙara? In ɗan wuta ne shi, ai alƙalami ya bushe. Wani kuma ya ɗauka Allah yana yanke hukunci, bawa ya yi kuka, sai Allah ya sake shawara kamar wanda wani sabon abu ya bayyana gare shi. Na farko ya yanke ƙauna, na biyu ya jingina wa Allah abin da bai dace da shi ba. Kuma kowannensu yana riƙe da nassin da yake ganin ya goya masa baya.

Mai cewa ana sauyawa zai kawo maka mutanen Annabi Yunusa, su 100,000 ko fiye, waɗanda aka yi wa gargaɗin azaba, suka yi imani, aka yaye musu ita, kamar yadda aya ta 98 ta Suratu Yunus ta faɗa. Zai kawo aya ta 39 ta Suratur Ra'adi, cewa Allah yana shafe abin da ya so yana tabbatar da abin da ya so. Zai kawo hadisin Anas a Bukhari da Muslim cewa sada zumunci yana yalwata arziki ya tsawaita rai, da na Tirmizi cewa babu mai mayar da hukunci sai addu'a. Wanda ya fi ƙarfi a hannunsa shi ne daren Mi'iraji: salla 50 aka farlanta, aka yi ta ragewa har ta dawo 5.

Abin da na fahimta daga malamai, kuma nake so ka duba mini shi, shi ne rubutun ba hawa ɗaya ba ne. Akwai wanda ke hannun mala'iku, irin na mala'ikan da ake aikowa ga jariri a ciki bayan kwana 120 ya rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa da makomarsa. Wannan malamai da yawa sun ce yana karɓar shafewa da tabbatarwa, domin yana iya zuwa da sharaɗi: in ya sada zumunci kaza, in ya yanke kaza. Sannan akwai Ummul Kitabi, wato Lauhul Mahfuzu, wanda ayar Ra'adin ta rufe da ambatonsa, da sanin Allah na tun fil'azal, wanda ya ƙunshi sharaɗin da cikarsa ko rashin cikarsa. Wannan ba ya motsi. Hadisin Mi'irajin ma da kansa ya ƙare da cewa biyar ce kuma hamsin ce, ba a sauya magana a wurin Allah. Ke nan ragin da aka yi ta yi yana cikin abin da aka hukunta tun farko. Haka mutanen Yunusa: gargaɗin yana rataye da ci gaba da kafirci, su suka bar kafircin, sai suka fita daga ƙarƙashinsa. Halin bawa ne ya sauya, Ubangiji bai samu wani sabon labari ba.

Ina ganin babu abin da ya fi warware wa mai yanke ƙauna ƙullinsa kamar amsar Sayyidina Umar ga Abu Ubaida lokacin annobar Sham, da ya juya da jama'a daga Sarga, wani wuri a kan hanyar Sham, aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, kamar mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kiwata su da ƙaddara ya kiwata. Tuba ma sababi ce da aka ƙaddara tare da sakamakonta. Labarin Ka'abu ɗan Maliku da abokansa biyu, da aka ƙaurace musu dare 50 bayan yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira saboda ba su fita yaƙin ba, ya ƙara da wani abu: aya ta 118 ta Suratut Tauba ta nuna Allah ne ya fara yi musu gamon katar sannan suka tuba. Saboda haka wanda ya ji nadama tana cin zuciyarsa, a ganina, alheri ne aka fara buɗe masa.

To Malam, ga inda nake neman taimako. Idan aka gaya wa mutumin da ke cikin ƙunci cewa sanin Allah ba ya sauyawa, sau da yawa abin da kunnensa yake ɗauka shi ne kukansa ba ya isa ko'ina. Idan kuma aka tsaya a kan cewa Allah yana farin ciki da tubar bawansa, wanda hadisi ne ingantacce, sai wani ya koma ga waccan fahimta ta sake shawara. Da wanne ya kamata a fara? Shin ya halatta a bar bayanin matakan rubutu gaba ɗaya ga wanda bai tambaya ba, a tsaya kan abin da aka umarce shi da aikatawa?

Sharuɗɗan tubar kansu ba su da ruɗani. Imam Nawawi ya kawo uku a Riyadus Salihin: barin laifin nan take, nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba. In akwai haƙƙin ɗan Adam sai a ƙara na huɗu, wato sauke shi. Lokacinta kuma kafin gargarar mutuwa da kafin rana ta fito daga yamma, shi ya sa ba a karɓi ta Fir'auna ba da ruwa ya riga ya ci shi. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne na ukun. Mutum ya tuba da gaske, bayan wata guda ya koma, sai ya yanke cewa tubar farko ƙarya ce, ya daina tuba ma gaba ɗaya. Alhali sharaɗin shi ne ƙudurin da ke zuciya a lokacin tubar. Komawar sabon laifi ne mai neman sabuwar tuba, kuma hadisin ƙudusi na bawan da ya yi ta zunubi yana neman gafara ana yafe masa yana nan a Bukhari da Muslim. Sai dai wannan hadisin ina jin tsoron karanta shi ga kowa, domin mai neman mafaka zai mayar da shi lasisi. Ta yaya ake gane wanda rauni ya kayar da wanda tun yana istigfari yake shirin komawa?

Sai ramuwar salla, wadda take tsorata mutane har su fasa tubar. Mazhabobi huɗu suna wajabta ramawa ko da gangan aka bari, Ibnu Hazmi da Ibnu Taimiyya kuma suna ganin mai ganganci ba ramuwa a kansa sai tuba da yawaita nafila. A Ahalari an ce wanda yake rama na kwana 5 kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Wato salloli 25 bayan nasa na ranar, kuma wanda ake bi bashin shekara 3 zai gama cikin wata 7 da 'yan kwanaki. Ma'aikacin da yake wuni a bakin aiki yakan ɗauka da zafi, ya yi sati biyu, ya gaji ya watsar da duka. Shin a ba shi shawarar ya haɗa kowace farilla da ramuwa ɗaya ko biyu, ko da zai ɗauki shekaru, ko hakan ya zama sakaci?

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi damuna, haƙƙin mutane. Na dukiya hanyarsa a fili take: a mayar wa mai shi, in ya rasu a ba magadansa gwargwadon rabonsu, in an yi iya nema ba a same su ba a yi sadaka da niyyarsa, kuma ba dole ne a bayyana sunan mai mayarwa ba. Amma gulma da ɓata suna fa? Malamai da yawa sun ce sai an nemi yafewar wanda aka ci namansa. Ibnul Ƙayyim ya rinjayar da cewa a nema masa gafara a yabe shi a wuraren da aka zage shi, domin sanar da shi zai ƙara masa ciwo. Idan maganar ta riga ta raba aure ko ta sa mutum ya rasa aikinsa, shi kuma bai san wanda ya yi masa ba, addu'a a ɓoye ta isa? Ko dole mai tuban ya je ya ƙaryata kansa gaban waɗanda ya faɗa wa, ko da hakan zai tayar da rigima tsakanin dangi?

Ina roƙon Malam ya ware wa wannan ta ƙarshen lokaci mai yawa in hali ya yi. Allah ya ƙara lafiya da basira, ya saka da alheri.

Wassalam,
ɗalibinka mai sauraron shirin.