A Ceto Tsofaffin Kantunan Nguru Kafin a Rushe Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi da attajiran Jihar Yobe game da tsofaffin kantunan zamanin cinikin gyaɗa da suka rage a garin Nguru, waɗanda ake barin su suna lalacewa, alhali kuwa su ne shaidar yadda garin ya zama cibiyar kasuwanci.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a 1930 aka kawo layin dogo har Nguru, inda ya tsaya. Kasancewar nan ne ƙarshen layi ya sa kaya masu yawa da suka fito daga yammacin Borno da ƙasar Gure da Damagaram suka riƙa sauka a nan kafin a loda su a taragu zuwa Kano da Ikko. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu su ne suka jawo kamfanonin Turawa irin su UAC (United Africa Company), wanda aka kafa a 1929, da kuma 'yan kasuwa Kwarori, wato Larabawan Labanan da Siriya, suka gina kantuna da sito-sito a garuruwan bakin dogo. Ta cikin irin wannan ciniki ne Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, ya shahara a matsayin mai saya wa kamfani gyaɗa.

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine zai ga an yi su ne da sanin yanayin wurin. Bangon yana da kauri, rufin kwanon yana can sama, an bar ƙananan tagogi a ƙarƙashinsa domin zafi ya fita, sannan ga baranda mai faɗi a gaba wadda a da nan ake kafa sikeli, akawu yana rubutu, 'yan dako suna jibge buhuna, 'yan baranda kuma suna tarar manoma tun kafin su sauke kaya daga kan jakuna. Manomin da ya karɓi kuɗin gyaɗarsa ba ya yin nisa da su, domin a kan kantar cikin shagon zai sayi akoko da atamfa da gishiri da kananzir, mai ƙarfi kuma ya haɗa da keke. A watan Afirilu, lokacin da zafin Nguru ke kai intaha, mutum zai iya wuni a cikin irin wannan kanti babu fanka, abin da ba zai yiwu ba a shagunan bulo da ake jerawa yanzu.

Ba ina cewa zamanin kantuna zamanin adalci ba ne. Dattawa suna ba da labarin tauye awo da haɗa baki wajen karya farashi, kuma ribar da ta fi tsoka ƙetare ta tafi. To amma wannan ma tarihinmu ne, kuma yaron da bai taɓa ganin sikelin da aka auna gumin kakansa a kai ba zai yi wuya ya fahimci abin da malamin tarihi ke faɗa masa a aji.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, su ne suka durƙusar da cinikin, sannan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. A ganina kuwa abin da ya fi barazana ga gine-ginen a yau shi ne rabon gado. Idan mai kanti ya rasu ya bar magada masu yawa, babu wanda zai sa kuɗinsa ya gyara rufin da ba nasa shi kaɗai ba, sai damina ta yi ta zuba a kan bango har ya tsage. Daga ƙarshe a sayar a raba kuɗi, wanda ya saya kuma fili yake so a bakin titi, ya sa a rushe ya jera shaguna. Ba na ganin laifin magada, domin haƙƙinsu ne da shari'a ta ba su.

Saboda haka ina kira ga ƙaramar hukuma da Majalisar Masarautar Nguru da su fara da ƙidaya waɗanda suka rage, a ɗauki hotunansu, a kuma naɗi bayanan tsofaffin akawuna da dillalai da suke raye. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ikon neman a ayyana gini a matsayin abin tarihi, kuma ya kamata a gabatar mata da mafi inganci daga cikinsu. Ban goyi bayan a mayar da su ɗakunan ajiyar kayan tarihi a garƙame da kwaɗo ba, domin ginin da babu mai shiga cikinsa ya fi saurin mutuwa. Gara gwamnatin jiha ko wani attajiri ɗan gari ya saye daga hannun magada a kan farashin kasuwa, a gyara rufi da bango ba tare da an sauya fasalinsu ba, a ba masu cinikin ƙaro ko riɗi haya, kuɗin hayar kuma a ware wani kaso daga ciki domin gyara kafin kowace damina.

Naka,
Wani mazaunin Nguru, Jihar Yobe