Wasiƙar Godiya ga Shugaba da Malaman Makarantar 'Yarmu

Zuwa ga Malama Shugabar Makaranta, da malamai, da sauran ma'aikata baki ɗaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a maimakon in tsaya a bakin ƙofa in ce mun gode in wuce. Yaba kyauta tukwici, kuma irin aikin da kuke yi ya kamata sauran iyaye su ji labarinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da makarantarku, ranki ya daɗe, shi ne haƙurin da malamanki suke da shi na barin yaro ya yi abu da kansa. Ranar da kuka gayyaci iyaye mu zauna a bayan aji mu kalla, na ga wani yaro ɗan ƙarami yana zuba ruwa daga buta zuwa kofi. Hannunsa ya karkace, ruwa ya malale a kan tebur. Malamar tana zaune kusa da shi, amma ba ta tashi ba, ba ta kuma daka masa tsawa ba. Da ido kawai ta nuna masa inda tsumma yake rataye. Ya je ya ɗauko, ya goge, ya matse, ya mayar, sannan ya koma kan butarsa. Duk wanda ya taɓa rainon yaro ya san yadda hannun babba yake ƙaiƙayi a irin wannan lokaci. Karɓe butar ya fi sauƙi, ya kuma fi sauri. A wurina, danne wannan ƙaiƙayi shi ne mafi wahalar aikin malami, kuma shi ne wanda ba a cika yaba masa a kai ba.

Na san wannan hanya tana da tarihi. Maria Montessori, likita 'yar ƙasar Italiya, ta buɗe Gidan Yara na farko, wato makarantar ƙananan yara, a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum a shekarar 1907, domin 'ya'yan talakawan da iyayensu ke fita aiki tun safe. Ita ce ta nace a yi kujeru da tebura daidai tsawon yaro, a kuma ajiye kayan aiki inda hannunsa zai kai ba sai ya roƙi kowa ba. Na ga irin kayan da ta ƙirƙiro a ajinku, har da katakon nan mai ramuka da ake jera 'yan sanduna masu kauri daban-daban a ciki. Idan yaro ya saka ɗaya a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe sai ya tarar da guda a hannunsa babu inda zai shiga. Katakon ne ya gaya masa ya yi kuskure, shi kuma ya nemo gyara. Ba a kunyata shi a gaban 'yan'uwansa ba, bai kuma koyi jiran wani ya ce masa daidai ne kafin ya yarda da idonsa ba.

Haka kuma kuke yi da tambaya. 'Yarmu ta tambayi malamarta dalilin da ya sa inuwarta take guntulewa da rana tsaka. Malamar ta san amsar sarai, amma sai ta miƙa mata alli, ta sa wata ƙawarta ta zana inuwar a ƙasa da safe, suka sake zanawa da hantsi, suka kuma da azahar. Yarinyar ta dawo gida tana bayani da hannu da ƙafa, tana nuna mana inda rana take a kowane zane. Har yau ba ta daina auna inuwar abubuwa ba. Tun daga lokacin na lura idan abu ya shige mata duhu, kalmar da take fara faɗa ita ce "bari in gwada."

Akwai iyayen da ke fargabar cewa irin wannan 'yanci zai sangarta yaro, kuma fargabarsu ba ta banza ba ce. Ga abin da na gani da idona. Yaro yana zaɓar aikin da zai yi, amma dole ya mayar da kayan inda ya ɗauko su, kuma ba shi da ikon ƙwace abin da ke hannun wani, sai dai ya jira. Saboda kun haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, manyan suna nuna wa ƙananan yadda ake naɗe tabarmar aiki da yadda ake ɗaukar almakashi, ƙananan kuma suna kwaikwayo. Ban taɓa ganin bulala a wurin ba, amma ajin ya fi azuzuwa da yawa natsuwa. Karatu da lissafi ma ba a bar su a baya ba. Yarinyar da ta fara sanin haruffa ta hanyar shafa su da yatsa, yanzu ita ke karanta mana duk rubutun da ta ci karo da shi a hanya.

Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989 ta bayyana a sashe na 29 cewa manufar ilimi ita ce bunƙasa ɗabi'ar yaro da baiwarsa da ƙarfin tunaninsa da na jikinsa gwargwadon iko, sashe na 31 kuma ya tabbatar masa da haƙƙin wasa da hutu. Rubuta wannan a takarda abu ne mai sauƙi. Ku kun mayar da shi aikin yau da kullum, kuma ana ganinsa ko a rahoton ƙarshen zango. Bayan maki, malamar ta rubuto mana cewa 'yarmu ta fara iya jiran layinta ba tare da kuka ba, cewa tana son zane amma tana gudun waƙa a gaban mutane, kuma suna bin ta a hankali. Wanda bai zauna ya karanci yaro ba, ba zai iya rubuta haka ba.

Godiyata ba ta tsaya ga malaman aji ba. Mai gadin da ya san sunan kowane yaro, da masu shara da suke barin yara su taya su ko da aikin zai ɗauki lokaci, duk suna cikin wannan tarbiyya.

Roƙona ɗaya ne, ranki ya daɗe: ku ƙara yawan ranakun da iyaye za su zo su zauna su kalla, domin abin da kuka gina da safe yana iya rushewa da yamma idan gida bai san hanyar ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da haƙuri, ya albarkaci zuriyarku.

Naku cikin girmamawa,
Mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanku